Kun Tambaya, Mun Amsa: Wai Kowa a Tsoffin Hotunan Nan Malami ne?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da muka saka wasu tsoffin hotunan Turai da Amurka na ƙarni na 19 a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, wasu ma tambaya ɗaya ce aka yi ta maimaitawa da kalmomi daban daban, to na tsamo guda huɗu da nake ganin sun ɗauko sauran.

Tambaya ta farko daga wani ɗalibi ce, yana cewa: "Malam don Allah na lura kusan duk wanda na gani a hotunan nan ko dai ya dafa littafi a kan teburi, ko ga wani ƙaton ginshiƙi a bayansa da labule, kowa cikin kwat kamar alƙali. Wai duk masu ilimi ne da masu kuɗi, ko talaka ba ya ɗaukar hoto a lokacin?"

Ƙanena ka yi kallo mai kyau, kuma amsar a gajarce ita ce a'a, yawancin littattafan nan na mai shagon hoto ne, haka ginshiƙin, haka labulen, wani lokacin har kwat ɗin ma aro ne. Amma bari mu faro daga tushe don ka ga yadda aka zo nan.

Kafin 1839, in kana so a bar kamanninka a duniya sai dai ka nemo mai zane ya zauna ya zana ka, ka je yau ka je gobe, ka biya kuɗi masu nauyi, saboda haka sarakuna ne da manyan attajirai da manyan limaman coci suke da wannan gatan, talaka kam in ya mutu fuskarsa ta tafi kenan sai abin da 'ya'yansa suka riƙe a zuci. A watan Agustan 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a birnin Paris, gwamnatin Faransa ta saye ta ta hanyar yanka masa fansho na faran 6,000 duk shekara. Farantin jan ƙarfe ne ake shafe shi da azurfa a goge shi har ya zama kamar madubi, a turara shi da sinadari, a saka a kyamara, sannan a fito da hoton da tururin zaiba. Guda ɗaya tak yake fita, ba a wanko na biyu. A 1841 Richard Beard ya buɗe shagon hoto a Landan, a saman rufin wani gini don ya samu rana sosai, kuma abin da ake biya ya kai kusan sule 21, wanda ya fi abin da leburan gona yake samu a sati. To ka ga a farkon farko zarginka gaskiya ne, masu hali ne suke zuwa.

Sai dai abin bai daɗe a haka ba. A Amurka zuwa shekarun 1850 akwai shagunan da suke yi a kan santi 25, sannan aka samu mai arha da ake yi a kan siririn farantin ƙarfe. A 1854 wani Bafaranshe mai suna Disdéri ya yi rajistar ɗan ƙaramin hoton da ake mannawa a kati, girmansa bai wuce tafin hannu ba, ana ɗaukar har guda takwas a faranti ɗaya, kuma da yake akwai nagatif na gilashi sai a wanko ko nawa ake so. Nan ne fa ƙofa ta buɗe, akawu da tela da mai kanti da malamin firamare duk suka fara hawa benen mai hoto.

Yanzu ka sa kanka a matsayin wannan akawun. Sau ɗaya ko biyu za a ɗauke ka a rayuwarka, hoton zai je hannun surukai, zai shiga albam, jikoki za su gani. Yaya za ka tsaya? Ba ka da wani samfuri a kanka sai irin tsayuwar da ka gani a zanen manya, su kuwa manya ɗaruruwan shekaru masu zane suna ajiye musu ginshiƙi don a ce gidansu mai tushe ne, da labule mai nauyi don a ce akwai dukiya, da littafi don a ce akwai ilimi. Mai hoto ya san haka, sai ya sayo ginshiƙi ɗaya, wani na katako ko kwali aka yi wa fenti, ya ajiye teburi da littattafai biyu uku, duk wanda ya shigo ya dafa. Shi ya sa in ka jera katunan shago ɗaya za ka ga kujera ɗaya ce da kafet ɗaya, mutane ne kawai suke canzawa. Kuma bayan da aka fara sayar da hotunan Sarauniya Victoria da iyalinta a irin wannan katin a 1860, sai ya zama mutum yana buɗe albam ɗinsa ga sarauniya a shafin farko ga kawunsa a shafi na uku, girman kati ɗaya, tsayuwa kusan iri ɗaya.

Ni dai ba na ganin wannan a matsayin ƙarya ko burga, gaskiya tausayi da girmamawa abin yake ba ni, mutum ne yake cewa nima a ƙirga da ni. Kuma ba kowa ne ya ari kayan manya ba, akwai hotuna da yawa musamman daga Amurka na maƙeri riƙe da guduma, kafinta da zarto, mai gyaran takalmi da kayan aikinsa, sun biya kuɗinsu sun ce da sana'ata za a gan ni.

Har manyan ma da kansu sai da aka shirya su. Ranar 27 ga Fabrairun 1860 Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya shiga shagon mai hoto Mathew Brady a New York kafin ya je ya yi jawabin da ya fito da shi a siyasar ƙasa. Mutanen gabashin Amurka suna masa kallon baƙauye dogo marar fasali, karatunsa na aji gaba ɗaya bai fi shekara ɗaya ba, sauran shi ya koya wa kansa har ya zama lauya. Brady ya ɗago masa kwala don a rage tsayin wuyan, ya tsayar da shi da ginshiƙi a baya, hannun hagu a kan littattafai. Jaridu suka kwafi hoton aka yi ta yaɗawa a lokacin kamfe. Lincoln makaranci ne na gaske, amma duk da haka sai da aka ɗora hannunsa a kan littafi kafin waɗanda ba su san shi ba su yarda.

Ga inda abin ya fi ɗaukar hankalina. Da kowa ya samu ginshiƙi da littafi, sai masana na ƙwarai suka bar wa jama'a kayan. Ka duba hotunan da mai hoto Nadar ya ɗauki marubuta da masu zane da mawaƙa a Paris, irin su Baudelaire da George Sand da Delacroix, bayansu fili ne kawai babu komai, haske ne a fuska shikenan. A Ingila Julia Margaret Cameron ta ma fi shi matsowa, sai ka ga kai kawai ya cika hoton ya fito daga cikin duhu. Ma'anar ita ce wannan ba ya buƙatar dafa littafi, goshinsa da idonsa sun isa shaida. Mu ma muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma su a lokacin sun mayar da abin kamar kimiyya, suna auna goshi da ƙoƙon kai suna cewa daga nan ake gane mai basira da mai laifi, kuma wannan tunanin ya cuci mutane da yawa, za mu zo kansa a ƙasa.

Tambaya ta biyu gajeriya ce, mutum uku suka turo ta: "Me ya sa ba sa murmushi?"

Dalili biyu. A shekarun farko sai mutum ya yi shiru ba motsi na tsawon daƙiƙoƙi masu yawa, da can farko ma mintoci, har akwai wani ƙarfe da ake kafawa a bayan ƙeya ya riƙe kai, in ka duba wasu hotunan da kyau za ka hango ƙafar ƙarfen a bayan takalmin mutum. Amma ko da lokacin ya ragu zuwa 'yan daƙiƙoƙi ba su fara washe baki ba, domin a al'adar zanen da suka gada mai mutunci ba ya buɗe haƙora, yara da mashaya da 'yan wasa ake zanawa suna dariya. Sai bayan ƙananan kyamarorin Kodak sun shiga gidaje daga 1888 zuwa gaba, hoto ya zama abin wasa da yawon shaƙatawa, sannan murmushi ya samu wuri a hankali.

Ta uku daga wata 'yar'uwa ce da ta ce tana koyar da tarihi: "Malam na ga ka yaba hotunan Julia Margaret Cameron a wancan karon. Amma me ya sa mazan da ta ɗauka duk da sunansu ake kiransu, matan kuma sai a ce wannan Maryamu ce, wannan wata ce daga tatsuniya?"

Malama kin taɓo wurin da ni ma yake damuna, kuma ba zan kare ta a kan wannan ba duk da ina son aikinta har raina. An haife ta a Kalkata ta Indiya a 1815, sai da ta kai shekara 48 'yarta da surukinta suka ba ta kyautar kyamara a ƙarshen 1863, ta mayar da akurkin kajinta ɗakin ɗaukar hoto, ɗakin ajiye gawayi kuma ya zama wurin wanki, a gidanta da ke Freshwater a tsibirin Wight. Maƙwabcinta shi ne mawaƙi Tennyson, kuma ta san kusan duk wani mai suna a fagen ilimi a Ingila. A 1867 ta ɗauki John Herschel masanin taurari, tsoho ne lokacin, farin gashinsa ya tashi ya barbazu kamar haske ya kewaye kansa, idanun nan sun yi zurfi, wallahi in kika kalle shi sai kin ji kamar yana tunanin wani abu da ya fi ƙarfin ɗakin. Ta ɗauki Thomas Carlyle a shekarar, ta ɗauki Charles Darwin a 1868. Darwin ɗin nan a 1855 ya rubuta wa abokinsa wasiƙa yana kukan wani hotonsa na shago, yana cewa in dai haka fuskarsa take da muni to abin mamaki ne a ce yana da aboki ko ɗaya, amma na Cameron ya rubuta a ƙasansa cewa ya fi son shi a kan duk wanda aka taɓa ɗaukarsa. Kin ga su ma masanan sun damu ƙwarai da yadda za a gan su. Ita da kanta ta rubuta cewa in irin waɗannan mazan suka zauna gabanta ƙoƙarinta shi ne ta kamo girman da ke cikinsu ba kamannin waje kawai ba.

To amma wadda ta fi zama gaban kyamararta ita ce Mary Hillier, 'yar aikin gidanta. Shekara da shekaru ana lulluɓe ta da mayafi, a kwance mata gashi, a ɗora mata jaririn maƙwabta a cinya a ce ita ce Maryamu mahaifiyar Annabi Isa, gobe a ce wata ce daga waƙoƙin Girkawa. Fuskarta ta zaga duniya amma a matsayin wasu. Namiji masani ana neman abin da ke cikin kansa, yarinya 'yar aiki ana aron fuskarta ne a zuba mata ma'anar da uwar ɗakinta ta ga dama. Akwai matan da Cameron ta ɗauka da sunansu, musamman 'yan danginta, don haka ba jinsi kaɗai ba ne, matsayi ma ya shigo ciki.

In kina son misalin da ya fi wannan fito da abin fili ki nemi labarin Hannah Cullwick, 'yar aiki ce da aka haifa a 1833, wani lauya marubuci Arthur Munby ya aure ta a ɓoye a 1873 saboda a ajinsu abin kunya ne. An ɗauke ta hotuna tana durƙushe tana goge dakali da datti a jikinta, an kuma ɗauke ta cikin rigar matan manya da hula kamar uwargidan wani babban gida. Mace ɗaya ce, kaya kawai aka canza, in ban da hannayenta da aiki ya faɗaɗa ya taurara, su kam riga ba ta iya ɓoye su ba. Ta bar littattafan da take rubuta ayyukanta na kullum, shi ya sa ita muna jin muryarta.

Don adalci, a Edinburgh tsakanin 1843 da 1847 David Octavius Hill da Robert Adamson sun fara ne da ɗaukar limaman cocin da suka ɓalle daga cocin Scotland, sama da 400 ake so a saka a zane ɗaya, amma sai suka sauka ƙauyen masunta na Newhaven suka ɗauki matan da ke tallan kifi da kwandunansu, kuma sun rubuta sunayen wasunsu, irin su Elizabeth Johnstone Hall. A wancan zamanin wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tambaya ta ƙarshe daga wani dattijo ce, ya ce: "Ɗana, a duk hotunan da kuka saka ban ga baƙar fata ba. Mu ba a ɗauke mu ba ne, ko kuwa?"

Baba an ɗauka, kuma laifinmu ne da ba mu saka ba, ku yi haƙuri. Zan ba ku labarin hotuna iri biyu da aka ɗauka a ƙasa ɗaya a zamani ɗaya da irin kyamara ɗaya.

A 1850 Louis Agassiz, farfesa a jami'ar Harvard kuma ɗaya daga cikin masanan da aka fi ji da su a Amurka, ya je jihar South Carolina. Yana da ra'ayin cewa baƙaƙe da farare ba asalinsu ɗaya ba, yana neman hujja. Aka zagaya da shi gonakin bayi ya zaɓi mutane, aka kai su shagon wani mai hoto J. T. Zealy a garin Columbia, shagon da masu gari suke zuwa da adonsu. Aka tuɓe musu riga, wasu aka tuɓe su gaba ɗaya, a ɗauka ta gaba a ɗauka ta gefe. Cikinsu akwai wani dattijo Renty da aka rubuta cewa daga Kongo aka kawo shi, da 'yarsa Delia. Baba na daɗe ina kallon hoton Renty, tsoho ne siriri ƙasusuwan ƙirjinsa a fili, ya kafe kyamarar da ido bai sunkuyar da kai ba, kuma duk sanda na kalla sai na ji nauyi a ƙirjina domin wannan sa'an kakan wani ne aka tsayar haka don wani mai digiri ya tabbatar da abin da ya riga ya yanke a ransa. A nan ilimin yana bayan kyamara, wanda ke gabanta ba a tambaye shi komai ba.

A daidai wannan zamanin akwai Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta a Maryland a 1838 ya zama marubuci mai jarida kuma mai jawabin da ake cika zaure don a saurare shi. Masu bincike sun tattara hotunansa daban daban har 160, ya fi Lincoln, ya fi kowane Ba'amurke na ƙarnin. Ba son hoto ne kawai ba, da gangan yake yi. Tun 1849 ya rubuta cewa masu zane farare ba sa iya zana baƙin mutum ba tare da sun ƙara masa abin da ke cikin kansu ba, su faɗaɗa hanci su kumbura leɓe, ita kuwa kyamara abin da ke gabanta take ɗauka. Saboda haka duk inda ya je sai ya shiga shago, baƙar kwat, farar riga, kwala a tsaye, yawanci babu tarkacen ado a bayansa, kuma kusan bai taɓa murmushi ba saboda masu kare bauta suna yaɗa zanen bawa mai dariya wai yana jin daɗin halinsa. A wata lacca da ya yi a Boston a 1861 ya ce yanzu 'yar aikin da ta fi kowa ƙanƙanta za ta iya mallakar hoton kanta irin wanda dukiyar sarakuna ba ta iya saya ba shekara 50 da suka wuce.

Sai Sojourner Truth, wadda ita ma a bauta aka haife ta a jihar New York, ba ta iya karatu ba ba ta iya rubutu ba amma in ta miƙe tana magana a kan bauta da haƙƙin mata sai wuri ya yi tsit. Daga 1864 ta riƙa buga katin hotonta tana sayarwa a wuraren taro, tana zaune da farin mayafi da tabarau, saƙa a hannunta, a wasu ga littafi da furanni a kan teburi, a ƙasa an rubuta magana mai ma'anar ina sayar da inuwa don in ciyar da mai inuwar. Ta yi rajistar haƙƙin mallakar hoton da sunanta. Matar da aka taɓa sayarwa a kasuwa, yanzu ita ke sayar da hotonta kuɗin ya shiga hannunta.

Akwai kuma wanda na san zai taɓa zuciyarku Baba, Umar ibn Sa'id, malami daga Futa Toro wanda ya ce ya yi shekara 25 yana neman ilimi kafin a kama shi a kai shi Charleston a 1807. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci yana bawa a North Carolina, ya buɗe da Suratul Mulk. An ɗauke shi hoto da ya tsufa, cikin kwat, amma sunan da aka yi ta liƙa wa hoton shi ne irin su Uncle Moro, wato sunan da masu gidan suke kiransa da shi, malamin da ya fi yawancin masu kallon hoton karatu. Ya rasu yana bawa ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka.

Farantan hoto 15 na bayin da aka ɗauka wa Agassiz kuwa ɓacewa suka yi, sai a 1976 aka tsinto su a cikin wata durowa a saman gidan tarihin Peabody na Harvard. A 2019 wata mata da ta ce ita daga zuriyar Renty take ta kai jami'ar kotu tana neman a ba da hotunan kakanninta, aka yi shekara shida ana shari'a, a 2025 jami'ar ta amince ta miƙa su ga gidan tarihin baƙaƙen Amurka da ke Charleston, a jihar da aka ɗauke su. A fitowa ta gaba in Allah ya yarda za mu saka hoton Douglass da na Sojourner Truth da na Malam Umar, na Renty da Delia kuwa mun tattauna a ofis mun ga ba za mu buga su a tuɓe ba.